Yadda Ake Shimfiɗa Daɓen Katako a Zariya, Daga 'Yan Katako Har Zuwa Shafa Banish na Ƙarshe

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda cewa abin da nake yi sunansa daɓe ba. A wurinta daɓe shi ne matan unguwa su taru a ɗakin amarya da madaɓansu, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sulɓi. Duk ranar da na shiga cikin birni gaishe ta da ƙurar katako a gira, sai ta ce, "Ga kafintan da tebur ya gagara, ya koma bin ƙasa." Ban taɓa musa mata ba. Sai da na daɗe a sana'ar na gane inda aikinmu ya haɗu da nasu. Su sun san ranar zuba ruwa, sun san ranar da za a rufe ɗaki a bar shi ya sha iska. Mu ma kusan duk aikin namu lissafin ruwa ne.

Mu bakwai ne a shagonmu da ke wajen Sabon Gari: ni, da wani dattijo da ya riga ni riƙe zarto, wanda kowa ke kira Baba, da manyan yara biyu, da masu koyon aiki uku. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda muke yi daga ranar da mai gida ya kira mu har ranar da muka miƙa masa makulli. Ina magana ne a kan katakon gaske da ake jerawa bisa siminti. Wancan na kwali da ake shigowa da shi daga waje, wanda ake kira laminet, garin katako ne aka matse aka yi masa fuska. Ana jera shi cikin yini ɗaya, amma in ruwa ya shiga gaɓarsa ya kumbura, ba shi da gyara sai canji.

Ka fara sanin garin da kake aiki a ciki

Duk ɗan Zariya ya san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, ita ce kuma a Janairu za ka hango tsakar gida ta tsaginta. Katako ko an sare shi shekara 20 bai daina shan danshin iska yana amayarwa ba. A tsakiyar damina danshin iskar garin nan kan haura kashi 80 cikin 100, da hunturu kuwa da rana yakan sauko ƙasa da kashi 20. Katakon da ke zaune cikin irin wannan iska, ruwan jikinsa kan kai wajen kashi 15 ko 16 da damina, ya faɗo wajen kashi 5 da hunturu. Kuma ba ta tsawo yake motsi ba, ta faɗi yake kumbura yana tsukewa.

Ga lissafin da nake yi wa duk sabon yaro ranar da ya fara zuwa. Falle ɗaya mai faɗin santimita 9 zai iya motsa kusan milimita ɗaya tsakanin damina da hunturu. Ka ce milimita ɗaya me ce ce? To ɗaki mai ƙafa 12 yana cin layi 40 na irin wannan falle. In duk suka kumbura suka tura juna, ka samu santimita 4 da ba su da wurin zuwa. Sama za su yi.

Na koyi wannan da kuɗina. A shekarata ta biyu da buɗe shago, na yi wa wani bawan Allah falo a watan Fabrairu. Katako ya bushe ƙayau, na matse shi tsam har reza ba ta shiga, na kai shi jikin bango ba tazara. Kowa ya yaba. Ran nan cikin Agusta sai ga waya: "Malam, zo ka ga kabarin da ka gina mini a tsakar falo." Na je na tarar tsakiyar ɗakin ta tashi ta yi tozo, yaransa suna hawa suna lilo. Na ɗaga, na sake, ban karɓi ko sisi ba, kuma laifin nawa ne ni kaɗai.

Mataki na farko: zuwa gida da awo

Kada ka faɗi farashi ta waya. Je ka gani da idonka. In gida ne da iyali a ciki, mukan tura ƙaramin yaronmu ya yi sallama ya sanar, mu tsaya a zaure har a ce mu shigo. Kafin ka zaro tef, yi tambaya. Yaushe aka zuba simintin? An shimfiɗa leda ƙarƙashin kankaren da magina ke kira jaman, ko kan ƙasa kawai aka zuba? Rufi yana yoyo? An taɓa ganin gara? Sannan ka duba gindin bango. In fenti yana ɓarewa yana fitar da farin gari kamar kanwa, danshi na hawowa daga ƙasa, kuma sai an magance shi kafin a yi zancen katako. Gidajen da ke gangare wajen Kubanni da duk inda ruwa ke kwanciya, nan muka fi cin karo da wannan.

Akwai inda muke cewa a'a ko nawa za a biya: banɗaki, kicin, da barandar da feshin ruwan sama ke kaiwa. In ɗakin kwana ne mai banɗaki a ciki, mukan ba da shawara a bar tayil kamar taku ɗaya a bakin ƙofar banɗakin, saboda mai fitowa daga alwala ƙafarsa da ruwa take.

Awo kuwa ba wuya. Tsawo sau faɗi. Ɗaki ƙafa 12 sau 12 ya ba ka ƙafa 144, wato wajen murabba'in mita 13.4. Ƙara kashi 10 cikin 100 na yanke-yanke da wanda zai fito da aibi, ka ce mita 15. In fallenka santimita 9 ne a faɗi, 90 a tsawo, kana bukatar guda 185. Mai son jeri irin na ƙashin kifi, a ƙara masa kashi 15, domin yankan kusurwa yana cin katako. Kada ka manta ƙofofi: daɓen zai ƙara wa ƙasan ɗakin tsayin kusan santimita 2, don haka sai an rage gindin ƙofa, a kuma yi wa dokin ƙofa dabara. Faɗa wa mai gida tun yanzu, kada ranar aiki ya ga an cire ƙofar ɗakin Hajiya ya ɗauka ɓarna ce.

Mataki na biyu: sayen katako

Ranar sayayya da Baba nake tafiya 'yan katako, don idonsa ya fi nawa. Abin da muka fi amfani da shi loko ne, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, daga dazuzzukan kudu ake kawo shi. Motsinsa kaɗan ne, gara ba ta cika son zuciyarsa ba, kuma yana da wani hali da ya kamata mai gida ya sani: sabo rawaya-rawaya yake, da ya sha haske sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Sai tik, wanda ake shukawa a gandun daji irin na Nimbiya a kudancin jihar nan. Shi mai ne a jikinsa, ruwa ba ya saurin kama shi, amma wanda aka sare yana ƙarami farin gefensa ya yi yawa. Kawo yana da nauyi da ƙarfi, kuma cikin duk itatuwan da na taɓa aiki da su ban ga mai natsuwa irinsa ba, sai dai yana cin haƙorin zarto. Maɗaci yana da kyan ja, ya dace da ɗakin kwana inda zirga-zirga ba ta da yawa.

Malaina da farin katakon da ake rufi da shi, bar su inda ka gan su. Ƙafar kujera kaɗai ta isa ta lotsa su. Araha ba ta ado. Madobiya kyakkyawa ce ƙwarai, amma an yi mata saran rashin imani saboda masu fitarwa waje, har tun 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ni dai na daina nemanta.

Ko wane iri ka zaɓa, ga abin dubawa. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ne abincin ƙwari, zuciyar itacen ake so. Falle mai ƙananan huji da gari na zubowa, ajiye shi. Ɗaga kowane ɗaya ka kai bakinsa wajen idonka ka hango tsawonsa, in ya murɗe kamar igiya ba injin da zai miƙar da shi. Kuma kada ka yarda da kalmar "busasshe ne, Alhaji". Ban ce mai katako maƙaryaci ne ba. A wurinsa abin da ya bushe har ya isa a yi rufi da shi ya bushe, mu kuwa namu busasshen daban ne.

Mataki na uku: busarwa, inda rabin aikin yake

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A sana'armu ɗanyen icce ba ya jiran kowa, da kansa yake tanƙwarewa, kuma bayan ka karɓi kuɗin mutane yake yi.

A bayan shagonmu akwai rumfar kwano da iska ke ratsawa ta kowane gefe. Nan muke jera katako. A ɗora bulo, a ɗora manyan sanduna a kai yadda jerin zai tashi daga ƙasa kamar santimita 40. A shimfiɗa layin farko da 'yar tazara tsakanin falle da falle. A gitta siraran sanduna busassu masu kaurin santimita 2, tsakaninsu kamar rabin mita, sannan a ɗora layi na biyu. Abin da yara ke yawan kuskurewa shi ne sandunan gittawar nan: dole kowace ta zauna daidai saman ta ƙasanta, tun daga ƙasa har sama. In suka goce, nauyi zai lanƙwasa katakon, ya bushe a lanƙwashe. A saman jerin a ɗora bulo ya danne. A shafa tsohon fenti a bakin kowane falle, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa.

Rana ba ta busar da katakon daɓe, ƙona shi take yi. Iskar hunturu ma in ta yi yawa haka ne: fuska ta bushe, ciki na jiƙe, sai ka ji jerin yana ƙas-ƙas da dare. In ɗanyen katako ya zo mana a Disamba, mukan rataya buhuna ta gefen da iska ke bugowa na makonnin farko don a rage mata ƙarfi.

Yaya za ka san ya kai? Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan ruwansa. Duk mai son ya daɗe a sana'ar nan ya saye ta kafin ya sayi babbar waya. Abin da muke nema a Zariya shi ne wajen kashi 9 zuwa 10, wato tsakiyar abin da damina da hunturu za su kai shi. In ba ka da na'urar, sikelin kicin ya isa. Yanko guntu daga tsakiyar falle, ba daga baki ba, ka auna. Sa shi a obin da wuta ƙasa-ƙasa, kaɗan sama da zafin tafasar ruwa, kana fitarwa kana aunawa har nauyin ya daina sauka. In ya fara da giram 230 ya tsaya a 200, ruwan da ya fita giram 30 ne. Raba 30 da 200, ka samu kashi 15. Wannan katakon da sauransa.

Ɗaya daga cikin masu koyon aikinmu, wanda ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, shi muka ɗora wa wannan aiki. Yana da littafi da yake rubuta kowane jeri da ranar da ya zo da abin da na'ura ta nuna duk Asabar. Da farko Baba dariya yake masa, wai shi da ƙwanƙwasawa yake gane busasshe. Yanzu shi ne mai cewa, "Kai ɗan boko, duba mana littafin nan naka."

Sai katako ya bushe ake kai shi inji a tsaga, a fere, a fitar masa da namiji da mace a gefe, wato harshe a gefe ɗaya da kwarmin da harshen zai shiga a ɗayan. In ka fere shi yana ɗanye, kowane falle zai tsuke yadda ya ga dama, faɗinsu ya bambanta. Wanda za a manna da gam, kaurin milimita 15 zuwa 18 ya isa. Wanda za a buga bisa sandunan da ake kafawa a kan siminti, kada ya gaza 20. Ka tsaya a kan mai injin, ka gwada guda goma na farko da juna kafin ya ci gaba. Kuma ranar da ake yankan loko kowa ya rufe hanci da baki, ƙurarsa tana tayar da asma tana sa ƙaiƙayi.

Mataki na huɗu: gyaran ƙasa

Sabon siminti a ido yakan bushe cikin kwana uku, amma cikinsa ruwa ne fal. Ƙa'idar da ake bi ita ce milimita ɗaya a rana. Shafen da ya kai santimita 5 yana son kwana 50 ko fiye, in ya fi haka kauri jiran ya fi haka nisa. Nan ne ake faɗa da masu gida, musamman in an sa ranar biki. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Yanzu saboda siminti za a ɗaga tarewa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, amarya ta tare a kan leda, bayan wata biyu mu zo mu yi mata na gaske." Ya yi fushi, ya kwana biyu, ya kira.

Gwajin da kowa zai iya: yanko leda mai kauri, santimita 45 sau 45, ka manne gefunanta huɗu da salatif a kan simintin, a wurare uku ko huɗu, har da kusa da bangon waje. Mafi ƙaranci ta yi awa 16, mu kwana biyu muke bari. In ka ɗaga ka ga gumi a ledar, ko simintin wurin ya fi na kewaye duhu, tattara kayanka ka koma shago.

In ya wuce wannan, sai daidaito. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa, ka zagaya da shi ko'ina. Rami ko tudun da ya wuce milimita 3 sai an cike ko an goge. Sannan a kankare duk ɗigon fenti da filasta, a share, a sake sharewa. Gam ba ya kama ƙura.

Gara kuma ba a yi mata sakaci a garin nan. A bi gindin bango da duk wata tsaga a zuba maganinta, a toshe tsagar da siminti. In da sanduna za a yi aikin, a shafe su da maganin katako irin su Solignum, a bar su su sha iska a waje kafin a shigo da su. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi kada ya kusanci ɗaki. Warinsa ba ya fita, gam kuma ba ya kama inda ya taɓa.

Daga nan a kawo katakon cikin a-kori-kura, a jera shi cikin ɗakin da za a yi aikin, da sandunan gittawa kamar yadda aka yi a rumfa, ya yi mako ɗaya zuwa biyu. In ɗakin mai na'urar sanyaya ɗaki ne, a riƙa kunna ta yadda za a riƙa yi in an tare.

Mataki na biyar: jeri

Mukan isa wurin aiki da ƙarfe 7:30, bayan an biya wurin mai koko da ƙosai. Kafin a buɗe gam, a baje fallaye daga ɗauri daban-daban a gauraya su, don kada masu duhu su taru a kusurwa ɗaya. Masu ɗan aibi a ware su na ƙarƙashin gado da bayan kujera.

Jeri yakan bi tsawon ɗaki, ko ya bi hasken da ke shigowa ta babbar taga. Kada ka amince da bango, ban taɓa shiga ɗakin da bangonsa huɗu suka miƙe sak ba. Auna daga bango a kusurwa biyu, ka ja igiya mai alli ka buga layi a ƙasa. Wannan layin shi ne limaminka, shi kowa zai bi. Ka lissafa tun yanzu yadda layin ƙarshe zai faɗo, in ka ga zai zama siriri kamar tsinke, rage na farko su raba.

Tsakanin katako da bango, ko'ina, har jikin ginshiƙi da dokin ƙofa, a bar tazarar milimita 12 zuwa 15. A sa 'yan guntaye su riƙe ta har a gama. Allon gindin bango zai rufe ta daga baya, kuma shi allon a bango ake buga shi, ba a jikin daɓen ba.

Gam na daɓen katako daban yake, yana bushewa ya bar ɗan laushi kamar roba yadda katako zai motsa bai ɓalle ba. Farin gam na kafintoci ruwa ne a cikinsa, gam ɗin masu gyaran takalmi kuma ba aikinsa ba ne. Mutanen da, da narkakkiyar kwalta suke yi, mun sha ɗaga irinsa a tsofaffin gidaje. A shafa gam da cokalin magina mai haƙora, iya inda za a rufe cikin minti 20 zuwa 30. In tik ne, a goge bayan kowane falle da tsumma mai tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, tukuna saboda mansa. A jera layi uku na farko bisa alli, a ɗora musu nauyi, a je a yi azahar a ci abinci su kama. In waɗannan ukun suka miƙe, sauran ɗakin sauƙi ne. Ba a dukan katako da guduma kai tsaye, guntu ake karawa. Gaɓar bakin falle kada ta yi kusa da ta layin da ke gefenta, a raba su da aƙalla santimita 20. Gam da ya fito sama a goge nan take.

Mai son sanduna kuwa, a shimfiɗa leda mai kauri ta hau bango kaɗan, a kafe sandunan da tazarar santimita 35 zuwa 40, a buga ƙusa a karkace ta kan namijin yadda falle na gaba zai ɓoye ta. Wannan ya fi taushin takawa, amma yana ƙara tsayi, kuma in gara ta samu hanya ta samu ɗaki.

Yanzu ga abin da falon nan na Fabrairu ya koya mini. In da hunturu kake jeri, na'ura kuma ta nuna katako ya sauko kashi 6 ko 7, kada ka matse. Bayan kowane layi huɗu ko biyar, soka tsohon katin ATM a tsaga kafin ka kara na gaba, in gam ya kama ka zare. Kaurin katin bai kai milimita ɗaya ba, damina na zuwa tsagar za ta rufe kanta. In kuwa cikin damina ne, matse iya ƙarfinka, ka kuma gaya wa mai gida cewa da hunturu zai ga 'yan siraran tsaga, ba lalacewa ba ce. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, iska ba ta gama bushewa ba.

Mataki na shida: guga da shafi

A bar gam ya kwana biyu. Guga da inji ake yi, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 40, sai 60, sai 80, a ƙare da 120. Kada a tsallake lamba don sauri, zanen da 40 ta bari 120 ba ta iya share shi, sai an shafa banish zai fito ɓaro-ɓaro. Inji kada ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, rami zai yi. Garin da ya fito a lamba 80 a tara shi, a kwaɓa da gam a cike ƙananan ramuka, launinsu zai zo ɗaya. Tsagar da ka bari da kati kuwa kada wani mai neman suna ya cike maka ita. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareto, waje za a ajiye shi nesa da taga.

Shafi sau uku ne. A share, a bi da tsumma mai ɗan danshin tina, a shafa na farko siriri. In ya bushe a bi shi da samfefa 220 da hannu sama-sama, a goge, a yi na biyu, haka na uku. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a rufe tagar da iska ke bugowa, a yi shafin da sassafe. Ba sigari, ba kaskon wuta kusa, tururin tina yana kamawa. In mai aka shafa maimakon banish, tsummokaran da suka sha shi kada a dunƙule su a kwali, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu. A jiƙa su a bokiti ko a baza su a waje. Bayan kwana ɗaya a iya takawa da safa, kujeru bayan kwana uku, darduma da kafet sai an yi mako.

Ranar miƙa aiki

Bayanin kula da daɓe ba Alhaji nake yi wa ba, don ba shi ke shara ba. Nakan roƙa a kira uwargida da 'yan aikinta, ko ta bayan labule ne. "Hajiya, don Allah abu huɗu. Ba a kwara masa ruwa, tsumma a matse shi sosai. Kaskon turaren wuta a ɗora shi kan faranti ko tayil, garwashi ɗaya ya isa ya bar tabo. Buta kada ta kwana a kai. Ƙafafun kujera a manna musu ɗan kyalle." Sauran kuwa al'adarmu ta riga ta yi mana, tunda ba mai shiga ɗaki da takalmi, yashin da ke cin banish a ƙofa yake tsayawa. In an kiyaye, sai bayan shekaru za a sake gogewa a shafa, kuma katako mai kaurin nan yana ɗaukar guga fiye da sau ɗaya.

A shago kuwa, wannan watan hannu ya yi mana kaɗan. Biyu daga cikin masu koyo sun tafi gida wajen Giwa cire masara, ba za su dawo ba sai an kai amfani gida. Babban yaronmu an sa ranar aurensa bayan kaka, mun kuma yi shawara da Baba a yaye shi kafin nan, shekararsa shida tare da mu, layinsa na farko ya fi nawa miƙewa. Kayan sallamarsa zarto ne da guduma da tef, da na'urar auna ruwa sabuwa. Ɗakin amaryar tasa shi zai jera da hannunsa, da ragowar lokon da muka tara masa. An zuba simintin ɗakin makonni uku da suka wuce, jiya ya je ya ɗaga leda ya tarar da gumi, ya mayar ya manne.